Daga Koma Zuwa Kwali: Tarihin Su Da Cinikin Kifi A Cikin Tsofaffin Hotuna

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tarihin da muka koya a aji yawancinsa ji ne, watau an ce sarki wane ya yi shekara kaza bisa gadon sarauta, an gwabza yaƙi kaza a wuri kaza. Amma akwai wani irin tarihi wanda ba a cika rubuta shi ba, shi ne na abin da talaka ya sa a miyarsa, da inda abin ya fito, da wanda ya sha wahalar kawo shi. Irin wannan tarihi sai dai a neme shi a bakin tsofaffi, ko kuwa a cikin hotunan da ke kwance a ƙasan adaka.

Da kwamitin wannan mujalla tamu ya roƙi 'yan ƙungiya su aiko da tsofaffin hotuna, mafi yawan abin da aka samu na 'yan ƙwallo ne, da fareti, da ranar ba da kyaututtuka. Sai dai a cikinsu an tsinci waɗansu 'yan kaɗan da suka fito daga kayan iyaye da kakanni, waɗanda suka shafi su da cinikin kifi. Su ne na jera bisa ga tsufansu, na haɗa da waɗansu sanannun hotuna da aka sha bugawa, domin mu duba tare mu ga abin da za su gaya mana.

INA RUWANMU DA SU?

Na san wani zai ce, ina ruwan mutumin Funtuwa ko Malumfashi da tarihin su? Mu da aka sani da auduga da dawa da masara, mu da ba mu da wani babban kogi? Amsar tana cikin taswirar da malamanmu na labarin ƙasa suka sha zana mana a allo. Ƙasarmu tudu ce, kuma daga tudu ruwa kan rabu. Kogin Sakkwato a nan kusa da Funtuwa ya samo tushe, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima a kusa da birnin Sakkwato, ya wuce ta Argungu da Birnin Kabi, sa'an nan ya faɗa kogin Kwara. Ta gabashinmu kuma akwai rafukan da ke gangarawa Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, daga nan ruwan ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi.

Ke nan ruwan saman da ya zuba a gonakinmu, wani Argungu ya nufa, wani kuwa Chadi. Mu ne muke aika ruwa, waɗansu su kama kifi a cikinsa, su kyafe shi, su dawo mana da shi mu saya. Wannan zagaye shi ne ƙashin bayan labarin, kuma abin da hotunan suka nuna shi ne yadda kifi ya tashi daga abincin da gari kan taru ya kama sau ɗaya a shekara, ya koma haja ta masu jari, da kuma abin da muka samu da wanda muka rasa a tsakani.

HOTO NA FARKO: RANAR SU A ƘAUYE

Mafi tsufa a cikinsu baƙi da fari ne, har ya soma komawa ruwan ƙasa. Rani ne, don ga karan dawa an tara a gefe, ruwan tafkin kuma ya ja baya ya bar taɓo. Maza da samari sun cika ruwan, wanda ya kai wa waɗansu gwiwa, waɗansu ƙugu. Kowa riƙe da koma biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗansu kuma sun ɗaura gora a ƙugu don zuba abin da suka kama. A bakin ruwa ga yara da ƙwarya suna jira.

Abin lura a nan shi ne abin da babu a hoton. Babu sikeli, babu kwali, babu mota, babu ko kwalekwale. Waɗannan mutane manoma ne, ba masunta ba. A ƙasar Hausa, tafki ko gurbin rafi mai riƙe ruwa har bazara yakan kasance a hannun Sarkin Ruwa ko mai gari. Da zarar damina ta ɗauke sai a hana taɓa shi, kifi ya yi ta girma, sai ranar da aka sa, a yi shela, garuruwan kewaye su taru a faɗa ruwa gaba ɗaya. Abin da akan samu shi ne tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, in ruwa ya ƙafe kuma a haƙo gaiwa daga cikin busasshen taɓo inda takan kwanta ta jira damina. Akan fitar da rabon sarauta, a aika wa surukai da maƙwabta, a ci, a kyafe saura don miyar bazara. Abin da kan kai kasuwa kaɗan ne ƙwarai.

Wannan hani na watanni shi ne dukan hikimar. Kakanninmu ba su karanta ilmin halittun ruwa ba, amma sun san in aka bar kifi ya hayayyafa ya girma, baɗi ma za a ci. Komar da ke hannunsu kuma da zaren rama ko na auduga aka saƙa ta, tana da faɗin ido, ƙananan kifi sukan sulale su wuce.

HOTO NA BIYU: SARKAWA DA ARGUNGU

Na biyu an yanko shi ne daga wata tsohuwar kalanda, kuma kowa ya gan shi ya san wurin: dubban mutane ne suka ruga cikin Matan Fada a Argungu, kowa da babbar gorarsa da komarsa. In aka ajiye shi kusa da na farko, sai a ga kayan aikin iri ɗaya ne, yawan jama'a da girman kifin ne suka bambanta.

A can ƙasar Kabi su sana'a ce ta gado, ba aikin rani ba. Sarkawa, watau masuntan gado na kogin Kwara da fadamar Rima, tun zamanin Kanta a ƙarni na 16 an san su da aikin ruwa. Suna da nasu shugabanni, da nasu al'adu kamar gyaran ruwa da fashin ruwa, wanda shi ne buɗe su na shekara. Suna da kayan aiki iri-iri da manomi bai mallaka ba: birgi, da taru, da gura, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da mashin sukar giwan ruwa. Su ne kuma suka yi ta ƙaura suna bin kifi, zuwa Yawuri, zuwa Binuwai, har Tafkin Chadi.

Shi bikin Argungu kamar yadda aka san shi yanzu ya samo asali ne daga shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, aka shirya masa babban su don girmamawa da kuma tabbatar da zaman lafiya bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Bikin ya bunƙasa har ya zama abin da baƙi ke zuwa kallo daga ƙasashen waje, a shekarar 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Duk da haka bayan na 2009 ba a sake yi ba sai a 2020.

Sai dai mai duba hoton Argungu ya yi hattara. Su ne na yini ɗaya, a gurbin da aka hana taɓawa shekara guda. Ba ya nuna rayuwar masunci ta yau da kullum, wadda ta ƙunshi kwana bisa ruwa, da sauro, da ɗinkin taru. Abin da ya nuna ƙarara shi ne amfanin hani: ƙaton giwan ruwan da akan ɗaga a gaban manyan baƙi ba ya samuwa sai a ruwan da aka ƙyale ya huta.

HOTO NA UKU: MAI BANDA A KASUWA

Na uku a kasuwa aka ɗauke shi. Wani dattijo ne zaune bisa buzu, gabansa tabarma, an kasa banda kashi-kashi, bayansa manyan kwanduna an rufe da tsumma. Ko da ba a rubuta shekara ba, kuɗin da ke cikin 'yar tasar gabansa sun ba da shaida: akwai kwabo mai huji da sule, ke nan kafin 1973 ne, shekarar da naira ta maye gurbin fam.

A nan ne kifi ya fara zama haja. Ɗanyen kifi ba ya kwana a ƙasa mai zafi irin tamu, saboda haka duk kifin da zai yi tafiya dole a kyafe shi ko a shanya. Manya akan yayyanka su gunduwa-gunduwa a kyafe har su yi baƙi su ƙandare, tarwaɗa kuma a lanƙwasa ta a soke da tsinke. Da can a kan jaki da kan ɗan Adam banda ke tafiya. Da jirgin ƙasa ya zo sai tafiyar ta yi nisa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, zuwa 1929 wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Kauran Namoda, a 1930 kuma aka kai Nguru, wadda ke bakin fadamar Haɗeja mai yawan kifi.

Turawa ba don kifi suka shimfiɗa dogo ba, don auduga da gyaɗa ne. Amma dogo da injin gurzar auduga su suka mai da Funtuwa gari mai albashi. Ma'aikatan reluwe, da leburorin kamfani, da akawuna, da baƙi daga kudu, duk mutane ne masu sayen cefane da tsabar kuɗi. Haka kuma manomin da ya sayar da auduga a kaka yakan sami abin sayen banda ya kai gida. Ga shi kuma garin mahaɗa ce: hanyar Zariya, da ta Gusau zuwa Sakkwato, da ta Malumfashi zuwa Katsina, da ta Birnin Gwari zuwa kudu, duk a nan suka gamu. Saboda haka kuɗin auduga su suka jawo kifin Yawuri da na Haɗeja zuwa tukwanenmu.

HOTO NA HUƊU: GINGIMARI A BAGA

Na huɗu wani ɗan'uwanmu ne ya kawo shi daga kayan mahaifinsa, wanda tsohon direba ne. Gingimari ce mai bodin katako, an labta mata kaya har sun haura bodin, an ɗaure da igiya, direba da yaran mota sun jingina da ita suna murmushi. A bayan hoton an rubuta kalma ɗaya da biro: Baga. A gefe guda kuma ana hangen wani fari-farin taru an shanya bisa sanduna.

Wannan farin taru shi ne babban juyin da aka samu a sana'ar su. Zaren nailan ne, wanda ya bazu a ruwayenmu daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960. Tarun rama yakan ruɓe, sai an riƙa shanya shi ana gyara, kuma saƙa shi kan ci watanni. Na nailan kuwa ba ya ruɓewa da wuri, ba shi da nauyi, kifi ba ya ganinsa sosai, kuma a kanti ake sayensa. Sa'an nan ga injin da akan maƙala wa jirgin ruwa, wanda ya sa ana kai wa tsakiyar tafki a dawo da kaya a yini ɗaya. Daga nan su ya daina zama na ɗan gado kaɗai. Duk mai kuɗin sayen kalli ya zama masunci.

Wanda ba shi da kuɗin fa? Sai ya nemi ubangida. Falke ko dillali ya ba shi taru da jirgi da abinci bashi, bisa sharaɗin shi kaɗai zai sayar wa kifin, a farashin da shi mai jarin ya yanka. Ta haka iko ya tashi daga hannun Sarkin Ruwa ya koma hannun mai kuɗi da mai mota. Hausawa da yawa daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja da sauran wurare suka kwarara Chadi, suka zauna tare da Barebari da Buduma da suka tarar. Baga da Doron Baga suka zama babbar kasuwar banda, inda motoci ke lodi zuwa Maiduguri, daga can su nufi Anacha da Inugu da Badun da Ikko. Yawancin kifin Chadi kudu ya tafi, don can ne farashi ya fi tsoka.

HOTUNAN DA AKA ƊAUKA DAGA SAMA

Akwai waɗansu hotuna da ba daga adakar kowa suka fito ba, amma labarin ba ya cika sai da su. Su ne waɗanda taurarin ɗan Adam na Amurka suka ɗauka na Tafkin Chadi, waɗanda akan jera na 1963 da 1973 da 1987 a littattafan labarin ƙasa. A na 1963 tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000. A na 1987 kuwa buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, su ne suka yi wannan aika-aika.

Abin mamaki, shekarun farko na farin su ne aka fi kama kifi. Da ruwa ya ja baya, kifi ya taru a wuri kaɗan, sai kama ya yi sauƙi, har masana suka ƙiyasta cewa a 1974 an kama fiye da tan 200,000 a tafkin. Wanda ya ga lodin motoci a lokacin sai ya ɗauka arziki ne ya ƙaru, alhali kuwa jarin ne ake cinyewa. Bayan 'yan shekaru kamun ya faɗi, irin kifin da ke son buɗaɗɗen ruwa suka yi ƙaranci, aka koma ga masu jure fadama, watau tarwaɗa da karfasa da bargi. Masunta suka koma amfani da gurar Mali, suna jera ta ɗaruruwa su tare hanyar ruwa, abin da ake kira dumba.

Baga da ke bakin ruwa ta wayi gari ruwan ya yi mata nisa. Masunta suka bi shi har suka kafa ƙauyuka a wajen Darak, wanda Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 cewa ƙasar Kamaru ce, aka kuma miƙa ƙauyuka fiye da 30 a ƙarshen 2003. Daga baya rikicin Boko Haram ya zo, aka kai wa Baga mummunan hari a watan Janairun 2015, cinikin kifin ya tsaya cik na wani lokaci. Murmushin direban nan da yaransa na wani zamani ne da ya wuce.

HOTO NA BIYAR: RUWA YA ZO GIDA

Na biyar mai launi ne, ko da yake launin ya koɗe. Yayyenmu ne na wannan makaranta, cikin kayan makaranta, sun je yawon buɗe ido madatsar ruwa ta Mairuwa tare da malaminsu. A bayansu ga kwalekwale biyu, wani masunci a tsaye ya ware birgi zai jefa.

Wannan shi ne zamanin madatsun ruwa. An gama ta Kainji a 1968, ta haifar da tafki mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,200, ta kuma tashi mutane kimanin 44,000 daga gidajensu, har da tsohon garin Busa. Ta Tiga ta biyo baya a 1974, ta Bakolori a 1978, ta Zobe kusa da Dutsin-ma a 1983, ta Challawa a wajen Ƙaraye a 1992. A nan gida muna da Mairuwa da Gwaigwaye da ta Malumfashi, ga kuma ƙananan madatsun ƙasa da Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa ya gina bayan an kafa shi a 1975 da taimakon Bankin Duniya. Ba don kifi aka gina ko ɗaya ba. Don lantarki ne, ko ruwan sha, ko noman rani, ko shayar da dabbobi. Amma inda duk ruwa ya kwanta, masunci zai sauka. A karo na farko mutumin ƙasarmu ya sami ɗanyen kifi rani da damina, masu suyar kifi suka bayyana a tasha da bakin kasuwa, 'ya'yan manoma kuma suka koyi tuƙa kwalekwale daga baƙin masunta.

Sai dai sabuwar madatsa tana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani. Shekarun farko ruwa kan haɗiye ciyayi da itatuwa da gonaki, su ruɓe su zama abinci, kifi ya yi ta hayayyafa. Bayan wannan abinci ya ƙare sai yawan kifin ya sauka. A Kainji an kama kimanin tan 28,000 a shekara a farkon shekarun 1970, amma kafin shekarun su ƙare abin da ake samu bai kai rubu'in haka ba. Masuntan da suka taru a lokacin yalwa ba su ragu ba, sai suka riƙa rage idon taru don su sami abin kai wa gida. Wannan ne ya sa a shekarun 1990 aka yi wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus a Kainji, wanda ya jawo sarakuna da shugabannin masunta cikin aikin ba da lasisi da hana jan dala, watau tarun nan mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi. A taƙaice, sai da aka koma wa Sarkin Ruwa.

Har ila yau, abin da madatsa ta ba na sama, daga bakin na ƙasa ta ƙwace shi. Kifin kogi a fadama yake hayayyafa lokacin ambaliya. Da Bakolori ta tare kogin nan da ya taso daga wajenmu, ambaliya ta ragu a fadamar da ke ƙasa da ita, kamun kifi ya ja baya a garuruwan wurin. Haka Tiga da Challawa suka rage ruwan da ke malala a fadamar Haɗeja da Nguru.

HOTO NA SHIDA: KWALI DA KUDUDDUFIN SIMINTI

Na ƙarshe bai tsufa sosai ba. Wata rumfa ce a kasuwa, an buɗe kwalin kifin ƙanƙara ana sara da adda. Wannan kifi bai taɓa shan ruwanmu ba; daga tekun Turai da gaɓar Muritaniya jiragen ruwa ke kawo shi. Wani ɗan kasuwa mai suna Michael Ibru ne ya fara shigo da shi Ikko a 1957, mutane suka yi ta ƙyamarsa suna ce masa kifin ɗakin ajiye gawa. Sannu a hankali araharsa ta sa ya karɓu, motoci masu sanyi suka kawo shi har Arewa. A farkon shekarun 2020 hukumomi sun ƙiyasta cewa ƙasar nan na buƙatar kifi fiye da tan miliyan 3 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Wannan giɓi shi kwalin nan ke ƙoƙarin cikewa.

A gefen rumfar kuma ga wata robar wanka cike da tarwaɗa masu rai, dukansu kai ɗaya. Na kiwo ne. Gwamnati ta fara gwajin kiwon kifi a Panyam ta ƙasar Filato tun farkon shekarun 1950, amma sai daga wajen shekarar 2000 abin ya zama sana'ar jama'a, har Nijeriya ta shiga gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗa. A nan ne labarin ya zagayo gida, domin abincin wannan kifi da masara da waken soya ake haɗa shi, su ne kuwa ake lodi a kasuwannin Ɗandume da Bakori da Funtuwa. Da can ruwa muke aikawa a kama kifi, yanzu hatsi muke aikawa a ciyar da shi.

ABIN DA HOTO YA ƁOYE

Hoto shaida ne, amma shaida ne mai son zuciya. Mai ɗaukar hoto babban kifi yake nema, ba ya ɗaukar ranar da aka fito hannu rabbana. Ba mu ga matan da ke kyafe kifi da soya shi a cikin gida ba, alhali da yawa daga cikin ribar sana'ar ta hannunsu take bi. Ba mu ga itacen da aka sare don banda ba. Ba mu ga littafin bashin ubangida ba. Ba mu kuma ga wanda ya zuba Gamalin 20 ko maganin feshin auduga a gurbi da dare ba, ya kashe babba da yaro, ya sayar wa mutane guba.

Amma akwai abu ɗaya da hotunan suka kasa ɓoyewa. In aka jera su daga na farko zuwa na ƙarshe, idon taru sai ƙara tsukewa yake yi, kifin ruwanmu kuma sai ƙara ƙanƙancewa. An fara da koma mai faɗin ido, aka zo kalli na nailan, har ta kai ana jan gidan sauro a ruwa. Doka kuwa tana nan: dokar su a ruwayen cikin ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana taru mai ido ƙasa da milimita 76, sai waɗansu keɓaɓɓun nau'o'in taru. Abin da ya ɓace shi ne mai tsaron dokar a bakin ruwa. Sarkin Ruwa na hoton farko ba shi da takarda, amma yana da shela da kunya da idon gari. Kifi na ganinka, mai jar koma.

KIRA GA 'YAN'UWA

To, jama'a, madatsunmu ƙanana ne, ba su da faɗin Kainji balle Chadi, saboda haka abin da ya ci shekaru ashirin kafin ya bayyana a can, a nan shekaru kaɗan sun isa. Ga yashi da taɓo da ke gangarowa daga gonakin da aka nome har bakin ruwa suna cike su, ga taki da maganin feshi, ga yawan masu jefa taru. A cikin wannan ƙungiya akwai ma'aikatan gona, da na hukumar ruwa, da kansiloli, da masu riƙe da sarautun gargajiya. Ba abu ne mai wuya ba a zauna da shugabannin masunta na kowace madatsa a amince da watannin hutu a lokacin da kifi ke ƙwai, da girman idon taru, da tazarar da za a bari tsakanin gona da ruwa. Ba baƙon abu za a kawo ba, abin da kakanninmu suka yi ne za a farfaɗo da shi.

Na biyu, ina roƙon duk mai tsohon hoto a gida, na su ne, ko na kasuwar auduga, ko na tashar jirgi, ya zauna da dattijon da ya san abin da ke ciki tun yana raye, a rubuta wuri da shekara da sunan sana'ar a bayansa. A ɗauki kwafinsa a aiko wa sakataren ƙungiya, domin mu tara su a ɗakin karatu na makaranta, mu kuma aika da kwafi wuraren adana tarihi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna. Gara da ɗanshi ba sa jira, kuma ƙannenmu da ke aji yanzu suna da haƙƙin su san cewa ƙasarsu ba kifin rijiya ba ce, ruwanta ya kai Argungu, ya kai Chadi.

Daga ƙarshe ina miƙa godiya ga waɗanda suka ba da aron hotunansu, da kuma malamanmu da suka koya mana karanta taswira tun ba mu san amfaninta ba. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, mu kuma Allah ya ba mu ikon barin ruwa da kifi ga na bayanmu, amin.